Bakin Matar Kansila

Shekarar da aka gano tafkin ninƙaya na Bellarook yana yoyo, shekarar ce mutanen garinmu suka koyi yin shiru idan na shigo kanti.

Sunana Noelene. Mijina Des Kuchel manomin alkama ne, kuma kansila a ƙaramar hukumarmu, ya daɗe a kan kujerar har mutane sun manta wanda ya gada. Yayana Graeme Pietsch shi ma manomi ne, hanyar jar ƙasa ce kawai ta raba gonarsa da tamu. A da babu wanda ya damu da cewa matar kansila ƙanwar Graeme ce. Sai da maganar haraji ta taso kowa ya tuna.

Gwamnatin jiha ta daɗe da yanka wa ƙananan hukumomi iyaka: ba za su ƙara harajin gida da gona ba sai ɗan abin da aka amince musu kowace shekara. Wadda ke son ta tsallake iyakar sai ta roƙi wata hukuma a Melbourne, babban birnin jiharmu. Manoma suna son wannan doka kamar ransu, domin a wurinmu gonaki ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. To, sai ga tafki ya tsage daga ƙasa, ruwa yana zurarewa, gyaransa kuma ya fi ƙarfin abin da ke asusu. Ko dai a roƙi izinin wuce iyaka, ko a rufe shi.

Tafkin nan mahaifin Des ne ya jagoranci haƙa shi, shi da abokansa da taraktocinsu, bayan yara biyu sun nutse a madatsar wata gona. Sunan tsohon yana nan a jikin ƙofa. Saboda haka da shugabar ƙaramar hukuma, Bronwyn Tallack, ta fara lissafin waɗanda za su goya mata baya, ko tambayar Des ba ta yi ba. Kansiloli bakwai ne har da ita. Uku ba sa son ƙari ko na sisi. Ita da tsoho Merv Hatcher da wata malamar makaranta suna so. Des ne na huɗunsu.

Graeme kuwa ya kafa ƙungiyar masu biyan haraji, suna taruwa a ɗakin baya na mashayar gari, suka buga alluna suka jera a bakin titi: IYAKA IYAKA CE.

Duk zaman aurenmu Des bai taɓa kawo mini maganar zaman sirri na majalisa gida ba. Idan na tambaya sai ya ce, "Surutu ne kawai, Noels, miƙo mini gishiri." Amma bayan girbin shekarar nan sai ya sauya. Ya dawo daga wani zama da yamma, ya cire takalmi a baranda, tun kafin in sauke naman tunkiya daga wuta ya fara zuba.

"Kin san abin da Merv ya ce yau? Wai manoma kullum kukan talauci, amma ranar kasuwa babu inda za ka ajiye mota saboda sababbin a-kori-kura."

Na yi dariya, domin akwai gaskiya a ciki. Ya ci gaba ya gaya mini Bronwyn ta riga ta yanke shawarar za a roƙi izinin, sai dai ba za a sanar ba sai an shirya takardu. Na ji daɗi a raina. Na ce ashe tsufa yana sa namiji ya fara hira da matarsa.

Ranar Juma'ar makon nan Graeme ya hau kan kujera a mashaya, ya maimaita maganar Merv kalma da kalma, har da yadda Merv ke jan hanci kafin ya yi magana. Ya kuma sanar da shawarar Bronwyn. Kafin Asabar an zuba wa Merv kashin tumaki a ƙofar gida, an kuma fasa masa akwatin saƙo.

Ranar Litinin na shiga kanti, mata uku suna hira a gaban firijin madara. Suna ganina suka koma duba ranar lalacewar cuku. Mai karɓar kuɗi, yarinyar da na koya wa ninƙaya da hannuna, ta ce, "Yaya Graeme, Misis Kuchel?" Ba ta taɓa tambayata shi ba.

"Ki tambaye shi," na ce. "Ya fi ni zuwa gari."

Da na koma gida na sami Des a rumfar injuna. Na ce, "Des, mutane suna zaton ni ce na kai wa Graeme magana."

Bai ɗago daga cikin injin girbi ba. "Mutane ai ba sa rasa abin faɗa."

"Ban yi magana da Graeme ba tun Kirsimeti."

"Na sani."

"To wa ya gaya masa?"

"Mutum bakwai ne a ɗakin, ga ma'aikata biyu. Kowa da mata ko miji. Riƙe mini fitilar nan."

Na riƙe masa fitila. Amsar ta yi ma'ana, na karɓe ta.

Zama na gaba ma ya dawo da labari. Wannan karon an biya wani kamfani na birni kuɗi mai kauri don ya duba tafkin, abin da ya gano kuwa shi ne tafkin yana yoyo. Des ya faɗi kuɗin, ya yi tsaki, ya faɗi wanda ya kare kamfanin da wanda ya yi shiru. Kwana kaɗan sai ga adadin a jikin sabon allo a gaban rumbunan alkama, da jan fenti.

Daga nan Bronwyn ta daina ɗaga mini hannu idan motocinmu suka haɗu. Kwamitin da ke sayar da kek don tara wa tafkin kuɗi, wanda ni na kafa shi, ya yi taro ba a kira ni ba. Da na tambayi Marj, aminiyata tun makaranta, ta ce, "Mun ga kamar kina da abubuwa da yawa a kanki." Tana faɗa tana kallon jakata, sai ka ce akwai na'urar naɗar magana a ciki. Abin haushin, mutanen Graeme ma ba su yarda da ni ba. Wani manomi ya tare ni a gidan mai ya ce, "Ki gaya wa mijinki muna kallonsa. Ke ma ba mu san wa kike yi wa aiki ba."

Sai na fara zargin kowa. Na zargi matar ɗana, domin ranar da Des ya ba da labarin kamfanin ta shigo karɓar ƙwai, kuma tana wasan ƙwallo da Jodie matar Graeme. Na daina barin wayata a kan tebur lokacin cin abinci, ina kai ta ɗakin wanki in rufe ƙofa. Na zargi mai gyaran gashi. Daga ƙarshe zargin ya dawo kaina.

Mahaifiyarmu tana gidan kula da tsofaffi, mantuwa ta fara cin ta. Ni nake zuwa ranar Laraba, Graeme ranar Lahadi. Idan na je nakan zauna in yi ta zuba mata labarin duniya don kada ɗakin ya yi shiru. Shin na gaya mata maganar Merv? Na kasa tunawa. Tsohuwar da ba ta san abin da ta ci da safe ba takan riƙe wata magana ta maimaita ta daidai bayan kwanaki.

Larabar nan na zauna kusa da ita, na ce, "Mama, Graeme yana tambayarki abin da nake gaya miki?"

Ta dube ni da idanunta masu ruwa. "Graeme yaron kirki ne. Ke ce mai tsegumi tun kina ƙarama."

Na san ba ta san abin da take faɗa ba, amma na kasa shan shayin da aka kawo mini. Daga ranar na koma ba na gaya mata komai sai zafin rana da farashin ulu. Ta lura. Ta riƙa tambayar ma'aikatan ko na yi fushi da ita.

Sai na yanke shawara. Da Des ya dawo daga zama na gaba ya buɗe baki, na ɗaga hannu.

"Kada ka gaya mini."

"Ai wannan za ki so ki ji. Bronwyn ta ce..."

"Na ce kada ka gaya mini, Des. Daga yau ba na son jin komai na majalisa a gidan nan."

Ya tsaya da cokali a hannu, ya dube ni wani irin kallo da ban gane ba. Ba fushi ba ne. Ya fi kama da kallon wanda aka sauya wa hanya bai shirya ba. Ya ce, "Yadda kika so." Muka ci abinci muna sauraron fanka.

Duk da haka magana ta fita. Graeme ya sanar a mashaya cewa idan ba a sami izinin ba, Bronwyn tana tunanin sayar da filin kasuwar tumaki. Gari ya ɗauki wuta. Ni kuwa a bakin mai gidan mai na fara ji, kamar kowa. Har wani sanyi na ji a ƙirjina, domin yanzu na tabbata ba ni ba ce, ba Mama ba ce, ba matar ɗana ba ce.

Na ce wa Des, "Ka ga? Ban ji wannan ba, kuma ya fita. Ka gaya wa Bronwyn. Ka ce mata matarka ta hana ka magana tun makon jiya."

"Idan na ce haka, ai na amsa cewa a da ina gaya miki ke nan."

"To ba kana gaya mini ba?"

"Noels, doka ta hana. Za su iya dakatar da ni."

"Ni fa? An riga an dakatar da ni daga garin gaba ɗaya."

"Ki yi haƙuri har a yi ƙuri'a. Komai zai wuce."

Ya ɗauki hularsa ya ce zai je duba shinge ta yamma, wai tumaki suna ficewa. Na tsaya a taga ina kallon ƙurar motarsa. A watan nan sau nawa ya je duba shingen yamma? Ban ƙirga ba, amma ban taɓa ganin ya ɗauki wayar shinge ko filaya ba. Na kori tunanin, domin ban so inda yake kai ni ba.

Ranar kasuwar tumaki na je neman Graeme. Rana tana dukan kwano, mai gwanjo yana ta ihu a kan katanga, karnuka suna haki a ƙarƙashin motoci. Na same shi ya jingina da ƙarfen shingen garke yana cin burodi da tsiran nama, miya tana ɗiga a rigarsa.

"A'a, matar gwamnati," ya ce. "An bar ki ki gaisa da talakawa?"

"Zo nan, ina da magana."

Na ja shi bayan motar dabbobi inda babu kowa. Na ce, "Wa yake kawo maka maganar majalisa?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ke dai kin iya wasa."

"Graeme, an cire ni daga kwamitin da na kafa. Marj ba ta ɗaukar wayata. Na daina hira da Mama saboda ina zargin ita ce. Ka dube ni da kyau ka ga ko wasa nake."

Dariyar ta tsaya. Ya goge baki da bayan hannu, ya dubi hagu da dama.

"Wai da gaske ba ki sani ba?"

"Da na sani zan tsaya a cikin warin nan ina roƙonka?"

"Na ɗauka tare kuka shirya. Wallahi haka na ɗauka. Na ce ƙanwata ta yarda ta sha zagin don ta rufa wa mijinta asiri, har na ce wa Jodie ban san kina da wannan zuciyar ba." Ya jefar da ragowar burodin, wani kare ya cafke. "Des ne. A bakin shinge muke haɗuwa."

Ban ji mamaki yadda ya kamata ba. 

"Don me?"

"Ke ba ki san gonar da kuka saya bara ba? Idan aka wuce iyaka, babu wanda zai sha nauyi a yankin nan kamar Des. Ba ya son ƙarin. Amma sunan ubansa na jikin ƙofar tafki, ba zai iya ɗaga hannu a ce ɗan Kuchel ne ya rufe shi ba. Sai ya ce in hura wuta har malamar nan ko Merv ɗaya ya tsorata ya janye. Shi ya ɗaga hannu tare da Bronwyn, a kayar da su, ya fito da hannunsa fes."

"Kai kuma ka bari ana zagina."

"Na gaya miki na ɗauka kin sani! Kuma ke Noelene, ba sai an yi ƙarya ba, abin da muke faɗa gaskiya ne. Idan aka bar su suka tsallake bana saboda tafki, baɗi gada ce, baɗin baɗi sabon ofis. Ni ban ga laifi a faɗa wa mutane abin da ake ƙullawa da kuɗinsu ba."

"Wannan tsakaninka da Bronwyn ne. Ni sunana nake nema."

Ya kama hannuna. "Kada ki ce ni na gaya miki."

"Kai ma ka fara ke nan," na ce, na fizge.

Da na isa gida Des yana wanke mota a tsakar gida. Na kashe famfon. Ruwan ya tsaya a hannunsa, ya juyo.

"Na je wurin Graeme."

Ya ajiye tiyo a hankali. Bai musa ba, wannan kam na yaba masa. Ya zauna a kan matakalar baranda ya cire hula.

"Ban taɓa cewa ke ce ba," ya ce. "Ko sau ɗaya. Ki tambayi kowa."

"Ka taɓa cewa ba ni ba ce?"

Ya yi ta juya hular a hannunsa.

"Shekara da shekaru ba ka gaya mini komai, sai bana bakinka ya buɗe. Na ɗauka hira kake so da ni. Ashe so kake idan aka tambaye ni in kasa rantsuwa cewa ban ji ba."

"Ba haka ba ne. Abin ne ya yi mini yawa, ina son in faɗa wa wani."

"Da na hana ka, me ya sa ka yi mini wannan kallon?"

"Wane kallo? Noels, kin fara ganin abin da babu."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Har yau ban sani ba. Mutum yana iya yin abu da dalili biyu, shi kansa bai san wanne ya fi nauyi ba. Ya yi ta magana a kan banki, da ruwan sama da bai zo ba, da ɗanmu da zai gaji gonar. Ya ce kansilolin birni ba su san abin da manomi ke ciki ba, alhali babu ɗan birni ko ɗaya a majalisar. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Ranar Talata ake ƙuri'a. Ka tashi ka faɗa da bakinka. Idan ba ka faɗa ba, ni zan tambaye ka a gaban kowa."

"Za ki kashe ni a garin nan."

"Na ɗanɗana, ba a mutuwa."

Kwanakin da suka rage ya yi ta yi mini kirki. Ya gyara ƙofar kaji da na daɗe ina magana, ya kawo mini shayi har gado. Kowane alheri sai in tsaya ina juya shi ina neman abin da ke ƙarƙashinsa. Ban taɓa zama da mutum haka ba, kuma gajiyarsa ta fi ta girbi.

Ranar Talata aka mayar da zaman babban ɗakin taro na gari saboda yawan jama'a. Manoma suka cika ɓangaren dama da allunansu, iyayen yara suka cika hagu, wasu sun zo da 'ya'yansu sanye da kayan ninƙaya. Na zauna a tsakiya. Kujerar dama da ta hagu da ni babu wanda ya zauna a kai.

Aka yi ta muhawara. Merv ya ce garin da ba ya iya koya wa 'ya'yansa ninƙaya zai koma binne su, aka yi masa ihu. Wani kansila na ɓangaren iyaka ya ce shi ma yana son tafki, amma tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a kan kuɗin fansho fa, wa zai biya mata ƙarin? Wannan ma aka yi masa ihu. Wata mata ta ce a fara rage motocin ofis tukuna. Bronwyn ta ce ko an sayar da motocin duka ba za su toshe rabin tsagar ba, kuma iyakar da aka yanka a Melbourne ba ta san tsawon hanyoyinmu ba. Malamar makaranta kuwa tana ta murza zobenta, kowa ya ga ta fara lanƙwasa.

Da aka zo kan Des, ya miƙe ya yi magana mai daɗi a kan mahaifinsa da taraktoci. Bai dube ni ba. Ya zauna, aka tafa masa daga hagu.

Bronwyn ta ce ko akwai mai tambaya daga cikin jama'a kafin ƙuri'a. Na miƙe. Na ji wani daga baya ya ce, "Ga rediyon ta tashi," aka yi dariya.

"Shugaba, tambayata ga Kansila Kuchel ce. Ina so ya gaya wa ɗakin nan wanda yake kai wa Graeme Pietsch maganar zaman sirri."

Bronwyn ta ce, "Noelene, wannan ba ya cikin abin da..."

"Bar ta," in ji Des.

Ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi sai ya dafa tebur da hannu biyu. "Matata ba ta kai wa kowa magana ba. Ni ne. Tun farko ni ne."

Ɗakin ya fashe da hayaniya. Merv ya miƙe yana nuna shi da sanda, yana cewa, "Kai ka sa aka zuba mini kashi a ƙofa, kana zaune kusa da ni kana ba ni haƙuri!" Graeme ya sunkuyar da kai. Bronwyn ta yi ta buga tebur. Da hayaniya ta lafa ta ce wa Des ya fi dacewa ya fita kafin a kaɗa ƙuri'a. Bai yi gardama ba. Ya bi ta tsakiyar ɗakin ya wuce ta gefena, ƙamshin sabulun askinsa ya buge ni, bai tsaya ba.

Malamar ta ɗaga hannu tare da Bronwyn da Merv, ina jin don haushi. Uku da uku. Bronwyn ta yi amfani da ƙuri'ar shugaba ta raba gardama, aka amince a roƙi izinin.

Na ɗauka daga ranar sunana ya wanku. Ban san garinmu ba ke nan. Kafin ƙarshen mako labari ya rabu uku. Wasu suka ce ni da Bronwyn muka ƙulla don a fitar da Des a sami ƙuri'ar shugaba, ba su damu da cewa da ya zauna ma da ita zai bi ba. Wasu suka ce Des namijin gaske ne, ya ɗauki laifin matarsa a kansa. Wasu kuma suka ce mu ukun, ni da shi da Graeme, akwai abin da muke nema a filin kasuwar tumaki. Marj ta kawo mini kek na ban haƙuri, ta zauna ta sha shayi, da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Tsakanina da ke, Noels, ko kaɗan ba ki sani ba?"

Hukumar Melbourne ta amince da ƙasa da rabin abin da aka roƙa. Aka yi wa tafkin faci, aka rage ranakun buɗe shi, aka dakatar da motar laburare da ke zagaya ƙauyuka don a cike giɓin. Babu ɓangaren da ya yi murna. Des ya ajiye kujerarsa kafin a kira shi gaban kwamitin ladabtarwa. A zaɓen cike gurbi Graeme ya tsaya ya faɗi, domin mutanensa sun ce wanda ya iya ɓoye sirri da surukinsa zai iya ɓoyewa da kowa.

Ni kuwa da sanyi ya shigo na kwashe kayana kaɗan na koma wani ɗan gida da na kama haya a cikin gari, kusa da inda Mama take. Ban ce na bar Des ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce ina son in riƙa ganin Mama kullum, kuma gaskiya ne.

Wata safiya ta ruwan sama na ji motsi a kan rufi. Na fito da laima na ga Des a kan tsani, yana kwashe ganyen da ya toshe indararo, ruwa yana bin hannun rigarsa.

"Wa ya ce maka ya toshe?" na ce.

"Babu kowa. Wucewa nake na gani."

Gidan yana ƙarshen lungu ne, babu inda ake wucewa a je. Na tsaya ina kallonsa, shi kuma yana ta jefo ganye ƙasa. Tsanin yana rawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ajiye laimar na riƙe masa shi har ya gama, sannan na ce ya sauko a hankali, matakalar ƙarshe a karye take.